Yadda Za Ka Bi Agogo Cikin Gajimare Har Gidan Surukai

Kai mai sha'awar jirgin sama, matso kusa. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, an ba ka tabbaci: kafin damina ta fita za ka zama gwanin da ake kwatance da shi a harkar tuƙa jirgi mai saukar ungulu a sahu, cikin gajimare, inda ido ba ya aiki sai agogo. Ba sai ka je makarantar matuƙa ba. Ba sai ka taɓa shiga jirgi ba. Ko tsani ba sai ka iya hawa ba. An gwada hanyar nan a kan mutum mai rai, Mujitaba mai gyaran waya na bakin kasuwar Yako, kuma yana nan da ransa, mai shakka ya je ya gan shi.

Mataki na 1: Samu jirgin da za ka kalla

Kada ka fita nema. Zauna a rumfarka, shi zai zo.

Haka Mujitaba ya yi. Wata safiya da damina, hadari ya haɗo daga gabas, yana zaune yana fama da wayar wani makiyayi da ta faɗa ƙwaryar nono, sai ya ji sama ta ɗauki ƙara. Ya leƙo. Jirage uku ne masu saukar ungulu, ɗaya a gaba, biyu a gefe da gefensa kamar zabuwa da 'ya'yanta, sun miƙa kudu. Yana kallo suka kutsa cikin baƙin gajimare suka ɓace.

Kowa a kasuwa ya koma harkarsa. Mujitaba kuwa ya tsaya baki buɗe, yana jiran ya ji sun gwabza karo. Shiru. Ƙarar ta yi nisa lafiya lau.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ba sa ganin juna, kuma ba su yi karo ba."

"Ni dai wayata," in ji makiyayin.

Daga ranar tambayar ta shiga kansa ta shimfiɗa tabarma. Kai ma ka bar ta ta shiga naka.

Mataki na 2: Haddace agogunan

Sayi data. Duk lokacin da babu mai kawo gyara, kalli bidiyon matuƙa. Ba dole ka ji Turancinsu ba, kalli inda yatsansu ke nunawa.

Ga abin da Mujitaba ya tsinto. A gaban matuƙi akwai agogon da ke faɗa masa nisansa da ƙasa, akwai na gudu, akwai mai nuna gabas da yamma. Akwai wani kuma, rabinsa shuɗi rabinsa ruwan ƙasa, shi ke gaya wa matuƙi ko ya karkace. Domin a cikin gajimare jikin mutum maƙaryaci ne: zai rantse maka kana zaune daram, alhali ka kusa kifewa kamar kwanon da aka wanke.

Amma duk waɗannan na mai tafiya shi kaɗai ne. Wanda ke cikin sahu bukatarsa ta fi haka. In sarari garau ne, da ido yake bin na gabansa. In gajimare ya rufe, dole allon da ke gabansa ya ɗauki aikin idon: ya nuna masa inda jagora yake, da tazarar da ke tsakaninsu, da ko cim masa yake yi ko jagoran ne ke tsere masa. In jagora zai karya kwana, allon ya faɗa tun bai karya ba. Kuma duk wannan a kallo ɗaya, domin wanda ya tsaya karanta allo kamar mai karanta jarida, a cikin farfelar ɗan uwansa zai ƙarasa karatun.

Dokar da Mujitaba ya fi ƙauna ita ce wannan: kada ka yarda da idonka, yarda da agogo. Haddace ta. Za ta yi maka amfani, kafin ta kai ka inda za ta kai ka.

Mataki na 3: Nemi masu sauraro

Ilimin da ba a baje shi a teburin mai shayi ba, ko mai shi bai tabbata yana da shi ba. Je ka wurin Uba mai shayi, ka zauna a tsakiyar benci yadda babu mai iya tashi sai ya tsallake ka.

"Kyaftin ya iso," in ji Uba da ya hango Mujitaba, yana ɗaga kofi sama yana tsiyaya. "Ni fa na gano yadda suke yi. Hon suke yi wa juna. Na gaba ya danna, na baya ya amsa, kamar manyan motoci a Kwanar Dangora."

Mujitaba ya ajiye kofinsa. "Uba, ka ji tsoron Allah. Hon? A sama?"

"To me zai hana? Sama ba hanya ba ce?"

Nan Mujitaba ya jawo burodi, ya jawo gwangwanin madara biyu, ya jera su a tebur. "Wannan burodin shi ne jagora. Waɗannan su ne na baya. To gajimare ya rufe..." Ya juya ya ɗauko murfin tukunya don ya yi gajimaren da shi. Kafin ya juyo, abokinsa Nazifi ɗan acaɓa ya tsoma burodin a shayi.

"Nazifi! Ka cinye jagora!"

"Kai ka ce in gajimare ya rufe ba a ganinsa."

Abin lura a nan: kada ka taɓa barin maganar hon ta wuce. Ko limami ne ya faɗe ta, ka gyara masa. Mujitaba bai taɓa bari ba. Kullum Uba sai ya tayar da ita, kullum Mujitaba sai ya yi bayani har shayinsa ya huce ya sa a haɗa masa wani. Uba bai san komai game da jirgi ba, amma ya san sana'arsa.

Mataki na 4: Kai ilimin wurin zance

Wasu samarin turare suke kai wa budurwa. Kai ka kai mata agogo.

Wadda Mujitaba ke nema sunanta Hamdiyya, 'yar Malam Ja'afar, manomin masara a wani ƙauye na ƙasar Doguwa, can bayan an wuce dajin Falgore. Biki ta zo Yako, wayarta ta faɗi, ya gyara, magana ta ƙullu. In ya je zance, sai ya tsinci kara ya hau zana mata allon matuƙi a ƙasa, ita kuma tana wasa da bakin hijabinta tana cewa "to".

Wata rana ta bar shi ya gama zanen tsaf, sannan ta ce, "Allon nan naku, yana nuna ranar da za a kawo lefe?"

Ya yi tari. Ya ce ana kan haɗawa.

"To bari in gaya maka tun da wuri," in ji ta, ta rage murya. "Baba ya ce ranar da aka kawo lefe zai faɗi ranar ɗaurin aure, in har bai ga abin da bai yi masa ba. Ka san labarin wanda ya fara neman Yaya Rufaida?"

Bai sani ba.

"Komai ya kankama. Ya zo gaishe da Baba, aka kawo gasasshiyar masara, ya ɗauka ya hau ci a gabansa. Yana ci kuma yana koya wa Baba yadda ake zuba taki. Da ya tafi Baba ya sa aka mayar masa da kayansa. Ya ce wanda ya iya tauna a gabansa tun ba a ɗaura ba, in an ɗaura shi zai tauna."

Mujitaba ya goge zanen da tafin ƙafa.

"Baba ba ya son surukin da ba shi da kunya," in ji Hamdiyya. "Ba ya son mai ci a gabansa, ba ya son mai gyara masa magana. Ka ji dai."

Ya ji. Kai ma ka ji. Ajiye wannan a gefe, mu ci gaba.

Mataki na 5: Haɗa naka ɗakin matuƙi

Ba ka da jirgi, amma kana da babur. Bambancin bai kai yadda mutane ke zuzutawa ba: duka biyun suna ƙara, duka biyun mai suke sha.

Mujitaba ya samo katako ya ɗaure a kan kan babur ɗinsa. Ya kafa agogon gudu na wata tsohuwar mota. Ya kafa abin duba alƙibla irin na tsarabar alhazai. Ya roƙi wani magini ma'auninsa mai ƙwayar iska a cikin ruwa, don ya riƙa sanin ko ya karkace. Ya ƙara da agogon bango wanda ba batir, saboda kwarjini. A tsakiya kuma ya ɗaure waya cikin leda da robar taya, ita ce allon jagora.

In wani ya tuna maka cewa kai da bakinka ka ce kada agoguna su yi yawa, ka ce masa wannan dokar ta sama ce.

Sai hular kwano. Ba irin rabin ƙwaryar nan ba, cikakkiya, mai baƙin gilashi, wadda ko mahaifiyarka ba za ta gane ka a ciki ba.

Da wannan babur ya riƙa zuwa zance. In ya kafe shi a ƙofar gida, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya. Har Malam Ja'afar, a hanyarsa ta masallaci, ya taɓa tsayawa ya zagaya shi, hannu a baya, ya ɗan ƙwanƙwasa agogon bangon da yatsa, ya wuce.

Mataki na 6: Samu sahu

Gwani ba ya tabbata sai da mabiya. Jira ranar kai lefe.

Akwatuna suka haɗu a tsakiyar damina. Hanyar ƙauyen su Hamdiyya kuwa in ruwa ya sauka, ƙaramar bas ba ta shiga, sai dai ta tsaya a bakin titi ta yi maka addu'a. Aka yanke a tafi da babura huɗu: mata a baya, akwatuna a naɗe cikin buhu da leda. Shugabar tafiya Gwaggo Luba ce, yayar mahaifin Mujitaba, matar da in ta yi raɗa a tsakar gida ana ji a kasuwa.

Mujitaba ya ga damarsa ta zo. Ya je ya durƙusa.

"Gwaggo, hanyar nan akwai hadari, akwai hazo a duwatsu. Dole a samu mai kula da sahu."

"Wane sahu? Sallah za mu?"

"Sahun baburan, Gwaggo. Kada wani ya ɓace, kada wani ya hau wani. Ni zan bi ku a baya."

Gwaggo Luba ta cire goro daga baki don ta dube shi da kyau. "Ɗan nan, a ina ka taɓa jin ango ya bi lefensa? So kake a ce gidanmu ba a haifi kunya ba?"

"Ba zan shiga garin ba, Gwaggo. Akwai tsamiya a bakin gari. Nan zan tsaya har ku fito."

"Ka rantse."

Ya rantse. Ta mayar da goronta.

Mataki na 7: Yi wa matuƙa jawabi

Tara su da safe. Tsaya a kan turmi in akwai.

Mujitaba ya ce Nazifi ne jagora, shi zai goya Gwaggo. Sauran su bi a jere, kowa ya bar tazarar babur uku. Ba mai wuce jagora. Wannan dokar ba ta sha gardama ba, don dama babu mai ƙarfin halin wuce Gwaggo Luba. Sannan ya ɗauko wata waya da ya saita ta riƙa nuna inda take a taswira, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Gwaggo, wannan ita ce ke. Duk inda kika yi, ɗigon nan shuɗi zai nuna mini a allona."

Ta juya wayar gaba da baya. "Ni ce wannan?"

"Ke ce."

"Na rame," in ji ta, ta ƙulle wayar a haɓar zani tare da goronta.

Mataki na 8: Shiga gajimare

Yi bisimilla ka tayar.

Daga Yako zuwa Kwanar Dangora komai ya tafi kamar a bidiyo. Ɗigo na gaba, Mujitaba na baya, zuciyarsa fari ƙal. A Tudun Wada aka samu matsala ta farko: Gwaggo ta hango wata ƙawarta ta ƙuruciya a bakin titi, ta dafa kafaɗar Nazifi da ƙarfi, shi kuma ya taka burki. Saura kaɗan sahu ya zama tsibi. Mujitaba ya lura a ransa cewa allon kirki dole ya sanar da na baya in jagora za ta tsaya gaisuwa. Aka tambayi lafiyar yara, da jikoki, da wata akuya da ta yi ciwo bara, sannan aka tashi.

A cikin dajin Falgore sabis ya ɗauke. Ɗigon ya tsaya cak. Mujitaba ya ga baburan gabansa suna ta tafiya, amma ya tuna doka: kada ka yarda da idonka. Sai ya ja ya tsaya, ya bar tazarar babur uku tsakaninsa da wurin da babu kowa. Ya jima a nan, shi da wani biri da ke kallonsa daga kan reshe. Da sabis ya dawo, ɗigon ya yi tsalle ya koma can gaba. Ya murɗa mai, ya bi su da gudu, yana alkawari a ransa cewa daga yanzu ko allura ba za ta shiga tsakaninsa da ɗigon nan ba.

Suna barin titi suka hau hanyar ƙauye, sama ta buɗe baki. Ruwa kamar ana juye randa. Hazo ya sauko daga duwatsu ya kwanta a kan gonakin masara. Gilashin hular Mujitaba ya yi gumi daga ciki, ba ya ganin komai sai jar wutar babur ɗin gabansa da hasken allonsa.

Wani zai ji tsoro. Mujitaba daɗi ya kama shi. Abin da ya daɗe yana yi wa mutane bayani da burodi, yau ga shi a ciki. Ɗigo ya yi dama, ya yi dama. Ɗigo ya yi hagu, ya yi hagu. Ƙwayar iskar magini na rawa, agogon bango na kallonsa da girmamawa. Ya ji a jikinsa da su Uba na nan da sun tashi tsaye.

Tsamiya dai ba ta cikin taswira.

Mataki na 9: Sauka

Sauka ita ce mafi wuya a tuƙin jirgi, musamman in ba ka san ka iso ba.

Da mutanen gidan Malam Ja'afar suka ga irin ruwan da ake yi, sai suka buɗe babbar ƙofar da amalanke ke shiga, don kada akwatuna su jiƙe. Nazifi ya shige. Na biyu ya shige. Na uku, na huɗu. Ɗigo ya tsaya. Mujitaba ya tsaya a bayansa, tazara daidai, ya kashe inji, ya ce a ransa: saukar da babu kamarta.

Sai ya ji guɗa a kunnensa.

Ya sa yatsa ya share gilashin. Rumfa ce. Ga turmi. Ga shanun huɗa suna tuƙa. Ga mata cike da tsakar gida, ana rungumar Gwaggo Luba, ita kuma tana sanar da duniya: "Angon ma yana can gindin tsamiya yana shan ruwa, kunya ta hana shi ƙarasowa. Haka muke tarbiyya a gidanmu!"

Ya juya zai tayar da babur. An riga an rufe ƙofa. A jikin ƙofar kuma ga wani dattijo da lema, yana murmushi.

"Sannunku da hanya, samari," in ji Malam Ja'afar. "Ku taho zaure ku bushe."

Nazifi ya waiwayo ya ga wanda ke bayansa. Ya ce a hankali, "Kyaftin, kada ka cire hular nan ko gobara ake yi."

Mataki na 10: Yi shiru

Wannan matakin ba ya cikin bidiyo, kuma shi ne ya fi kashe gwanaye.

Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Kowa ya durƙusa ya gaishe da Malam, Mujitaba ma ya durƙusa ya yi gunaguni a cikin hula. Aka shigo da dambu yana tururi, da zabbi, da fura, da tire cike da gasasshiyar masara sabuwar karya. Tun safe babu abin da ya shiga cikinsa. Ƙamshin ya bi ta ƙarƙashin hular ya zauna.

"Wannan bawan Allah fa?" in ji Malam. "Ba zai sauke tukunyar ba?"

"Baba, haƙori ke damunsa," in ji Nazifi. "Ba ya son iska."

"Ayya, sannu. Kuma na ga kamar babur ɗin Mujitaba ya hau."

"Aro ne, Baba."

"Madalla. Yaro mai kyauta." Malam ya gyara zama, ya ɗauki masara ya ɓare. "To tunda mai shi ba ya nan, bari mu yi hirarmu. An ce yaron nan ya damu da yadda jirage ke bin juna cikin hadari. Abin da ni na daɗe da sani. Hon suke yi."

A cikin hula wani abu ya motsa. Yatsan Mujitaba ya fara tashi da kansa, kamar ba nasa ba. Nazifi ya ɗora gwiwa a kan hannun ya danne, yana ci gaba da cin dambu.

"Na gaba ya danna, na baya ya amsa," in ji Malam. "In hon ya lalace, sai su ɗaura wa na gaba ƙararrawa a wutsiya. Agogunan nan kuwa duk ado ne. Guda ɗaya ne mai amfani, wanda matuƙi ke duba lokacin sallah." Ya juyo ya dubi baƙin gilashin sosai. "Ko ba haka ba, mai haƙori?"

Ruwa na ɗiga daga indararo. Duk bayanin na nan a bakin Mujitaba, a jere, da misalansa: tazara, kwana, rabi shuɗi rabi ruwan ƙasa. Ga ma masara a tire da za ta yi jagora, ga kofuna biyu. Sai ya tuna muryar Hamdiyya, da akwatunan Yaya Rufaida da aka mayar.

Hular kwano ta sunkuya, ta ɗago. Ta sake sunkuyawa.

Masana sun ce ba a taɓa ɗaga wani abu mai nauyin wannan gyaɗa kai ba a ƙasar Doguwa.

"Ka ji," in ji Malam. Ya zaɓi masarar da ta fi kyau ya miƙa masa har gaban gilashi. "Ɗan taɓa mana. Da ɗaya gefen."

Mujitaba ya haɗa hannuwa a gwiwa, ya sunkuyar da kai ƙasa, ya girgiza shi a hankali. Cikinsa ya yi ƙara, kowa ya yi kamar tsawa ce.

Malam Ja'afar ya daɗe yana kallonsa. Daga cikin gida guɗa ta sake tashi, an buɗe akwatin atamfofi. Sai dattijon ya ajiye masarar, ya goge hannu.

"Nazifi, in kun koma ka gaya wa manyanku, Juma'ar farko bayan masara ta shiga rumbu, su zo a ɗaura."

"Allah ya ƙara girma, Baba! Allah ya sanya alheri!"

"Amin. Ka kuma gaya wa Mujitaba na ga agogunansa, sun yi kyau. Saura guda ɗaya. Ya nemo wanda zai riƙa ƙara in mutum ya doshi gidan surukansa."

Ya tattara masara uku ya naɗe a ɓawonsu, ya ɗora a cinyar mai hula.

"Kai kuma riƙe wannan. In ka kai tsamiyar nan ta bakin gari, inda aka ce ka tsaya, haƙorin zai sake ka."

Mataki na 11: Koma sansani

Fita da baya-baya. Kada ka tayar da babur a cikin gida, tura shi.

Ruwa ya ɗauke. Mujitaba ya tura babur har gindin tsamiya, ga ta nan ƙatuwa, wadda makaho ma zai ji inuwarta. Ya cire hula. Ya duba gabas, ya duba yamma, babu kowa sai masara tsaye cikin gona. Ya cika ƙirji ya faɗa mata da iyakar muryarsa:

"Ba hon ba ne!"

Masara ba ta yi gardama ba. Ya zauna a kan saiwa ya ci tasa, duka ukun. Yana kan ta ƙarshe wayar da ke cikin leda ta yi ƙara. Hamdiyya ce, tana magana ƙasa-ƙasa, dariya na neman ƙwace mata.

"Kyaftin, an sauka lafiya?"

"Wa ya gaya miki?"

"Ta taga na gani. Har tazarar ka bari."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da hannu a duk abin da zai same ka. In ka bi ɗigo ka faɗa rafi, kai da ɗigon. In ka tsaya a daji biri ya raina ka, ku sasanta. In ka kutsa gidan surukai ka tarar naka surukin ba irin Malam Ja'afar ba ne, kada ka zo Yako neman kowa, akwatunanka ma sun ishe ka kaya. Masu tuƙa jirgin gaske kuma su ci gaba da abin da aka koya musu, ba da su ake ba.

Wanda har yanzu yake son sanin yadda jirage ke bin juna cikin gajimare, ya je teburin Uba. Zai ce maka hon suke yi. In ka ce ba ka yarda ba, zai nuna maka Mujitaba a tsakiyar benci, ya ce ai surukinsa ma haka ya faɗa, a gabansa, kuma ya gyaɗa kai.

Mujitaba zai kurɓi shayinsa. Yanzu da zafinsa yake sha.